Tulin Yashin da Aka Shiƙe

Da la'asar sakaliya ranar Asabar labari ya shigo unguwar Hindawiyya cewa an tsinci gawar Mukhtaru mai shagon turare a wani busasshen kwari gabas da Makka, kansa a fashe, na'urarsa ta neman zinariya kuwa ko sama ko ƙasa. Kafin a kira magariba unguwa ta gama yanke hukunci. Kai, mutanenmu! Ba wanda ya je wurin, ba wanda ya ga gawar, amma kowa ya rantse ya san wanda ya yi: Badamasi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. 'Yan shekarun nan wasu daga cikin Hausawa haifaffun Saudiyya sun ɗauki wata sha'awa, duk ƙarshen mako su loda shayi da tabarma da na'ura mai ƙara a mota, su nufi kwarurrukan bayan gari neman ƙwayar zinariya. Ba arziki ake yi ba. Abin da mutum zai samu a shekara ba zai cika murfin kwalbar turare ba. Wahalar ma ba a zinariyar take ba, a hanyar shiga take, don ko'ina an kewaye: nan katangar gidan hutu, can garken awaki, gaba kaɗan waya. Badamasi kuwa ya yi haƙar zinariya a Zamfara kafin ya zo Umra ya zauna, shi ya san dabarar. Yakan ce a bi inda ruwan ambaliya yake wucewa, nan ne ba na kowa ba, nan kowa ke da ikon shiga. Shi yake yi musu jagora. Kuma ba shi da igama, wato izinin zama, ba shi da wata takarda sai sunansa.

'Yan sanda sun ɗauki gawar, sun tambayi dangi wa mamacin ya saba fita da shi. Ƙanensa Abdulilah ya so ya ambaci sunan nan take, dattawan unguwa suka riƙe shi da ƙyar. Ya ce to, ya ji, amma ranar da aka kwashe kujerun makoki, ranar zai kira 'yan sanda.

*

Washegari da hantsi Lailatu matar Badamasi ta hau matakalar gidan Kabo, goyo a baya, wani yaron a hannu. Kabo tsoho ne mutumin Damagaram. A ƙuruciyarsa sawun raƙuman sata yake bi, har ya zo aikin hajji da matarsa Kabira, suka ce bari su ɗan zauna, zaman da ya cinye musu rayuwa ke nan. Yanzu lokacin hajji yana tura keken gajiyayyu a Mina, sauran shekara kuma idan akuya ta ɓata a garkunan bayan gari sai a aiko masa. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne a ɗaki ɗaya da rufin da suke shanya a kai.

Lailatu ta durƙusa, ko gaisuwa ba ta iya ƙarasawa ba.

"Baba, ka rufa mana asiri. Wallahi ranar Asabar yana kwance, zazzaɓi yake. Amma wa zai ji shaidar matar mutum? In aka kama shi, ko an wanke shi daga baya, tarhil ne, gidan korar baƙi, jirgi za a sa mu. Yaran nan a nan aka haife su, ba su san kowa a gida ba."

"Tashi, 'yata. Ni ba alƙali ba ne, ƙasa kawai nake karantawa."

"To ka karanta mana, Baba."

Kabira na gefe tana tsintar busasshen burodi cikin buhu. Sana'arta ke nan: ta tara ragowar burodi a gidajen abinci, duk Asabar ta bi motar da ke kai wa masu awaki. Mace ce mai baki. Da a wata rana ce, da tuni ta ce wa Lailatu, "Ki dai lallaɓa shi, mutumin da ya yi mini alkawarin haƙorin Makka tun muna kan hanya, ga mu mun tsufa a Makka bakina fari fat." Tsokanar da take masa ke nan kullum, a gaban kowa, shi kuma ya yi dariya ya ce sai baɗi. Yau ba ta ce uffan ba. Kabo ya ɗauka mutuwar ce ta taɓa ta, ya jawo takalmansa.

*

Mudassir ne ya kai shi a mota, abokin mamacin, wanda suke fita tare. Saurayi ne ma'aikaci, Hausarsa rabi Larabci, sai taɓa gemu yake yana kallon madubi. Suka bar kwalta, suka bi gefen wata doguwar katanga, har inda ta ƙare, garken awaki ya fara. Tsakaninsu akwai wata 'yar kafa da ruwa ya ci, faɗinta bai wuce na mota ba.

"Nan ne mashigar, ya ammi," in ji Mudassir, yana kiransa baffa da Larabci. "Badamasi ne ya gano ta."

Kabo ya sauka. An gitta waya a bakin mashigar, sabuwa fil, an yanke ta a tsakiya. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙasa, ya taka nan, ya koma can. Sannan ya ɗago.

"Tayarka ta baya ta hagu ta fi sauran cinyewa."

"Na'am?"

"Ga ta nan. Ka zo nan ranar Asabar, ɗana. Me ya sa ba ka faɗa wa kowa ba?"

Fuskar Mudassir ta yi fari. Ya jingina da mota, ya yi rantsuwa da Larabci, ya sake da Hausa. Daga baya maganar ta fito. Mukhtaru, Allah ya jiƙansa, ya ɗan samu wani abu a kwarin makon jiya, sai zuciyarsa ta canza. Shi ya sa wayar da hannunsa, wai kada kowa ya ƙara shiga. Suka yi faɗa a kai har da zage-zage a gaban mutane.

"Na ce masa haram, ya Mukhtar, hanyar ruwa ce, ta kowa ce. Da sassafe na zo na yanke wayar, na tafi. Ban gan shi ba, wallahil azim. Na yi shiru ne don an san mun yi faɗa."

Kabo ya mayar da idonsa ƙasa. Ya bi sawun tayar har inda ta juya ta fita, ya ga sawun babbar motar Mukhtaru ya hau kansa ya danne shi. Wanda ya danne shi ne ya zo daga baya. Yaron gaskiya ya faɗa, sai dai tsoro ya sa shi zama kamar mai laifi. Kabo ya ji haushinsa, ya kuma ji tausayinsa.

*

Cikin kwarin shiru, zafi na tashi daga duwatsu. Takalman 'yan sanda da na masu ɗaukar gawa sun tattake wurin da aka same shi, ƙarƙashin wata gaɓa mai tsayin mutum biyu. Kabo ya bar nan, ya zaga ta gefe. Ya samu sawun silifas ɗin Badamasi, da zoben da gindin jarkar ruwa ya bari, amma ƙwari sun yi ta yawo a kansu, iska ta cinye bakinsu. Tsohon sawu ne, ya kwana biyu kafin Asabar.

A gindin gaɓar, inda yashi ya zubo, ya sa sandarsa ya tona. Ƙarfe ya yi ƙara. Mudassir ya ja, sai ga na'urar Mukhtaru, ta faɗo tare da mai ita, yashi ya binne ta.

"La ilaha illallah! Ashe ba sata ba ce!"

"Ba sata ba ce," in ji Kabo.

Ya hau saman gaɓar. A nan ne abin ya ɗaure masa kai. Sawun Mukhtaru ya zo har baki, ya tsaya, ya turje kamar mai jayayya da wani. Amma na wanin babu. An share shi da reshen ƙaya, shara mai kyau, tun daga nan har kan dutse inda ƙafa ba ta barin alama. Abin da ya rage kawai tulin yashi ne iri biyu: wani baƙi mai nauyi, a dunƙule wuri guda, wani fari mai laushi da ya miƙe gabas kamar harshe. Irinsu sun kai da yawa, a jere.

"Wannan fa, aikin na'urarku ne?"

"La, a'a. Mu rami muke tonawa inda ta yi ƙara, khalas, shi ke nan."

Kabo ya tsaya yana kallon tulin. Wani abu ya motsa a ransa, kamar ƙamshin da mutum ya sani amma ya manta na mene ne. Ya ɗebi baƙin yashin ya ƙulle a bakin rawaninsa.

A hanyar fita suka tsaya wurin mai gadin garken, wani Basudane dogo mai ƙarancin magana, wanda ya fara ganin gawar. Ya ce bai ji komai ba, awaki sun cika masa kunne. Mota kuwa, ban da na samarin nan, sai ta masu burodi da ke zuwa duk Asabar, ta sauke, ta zaga sauran garkuna, ta dawo ta kwashi matan.

"Abu guda," ya ƙara, har sun juya. "Da na same shi, an daidaita shi. Fuskarsa na kallon alƙibla, an rufe masa ido. Mutum ba ya faɗuwa haka."

Kabo ya yi masa godiya. Suka hau mota suka koma gari.

*

Badamasi na ɓoye a wani ɗakin ajiya a saman wani gida, cikin tsofaffin katifu na 'yan hajji. Ya rame, leɓɓansa sun bushe, da ya ji taku sai da ya zabura.

"Ni ne, Badamasi. Zauna. Tambaya ɗaya na zo da ita. In ka ɗebi yashi, yaya kake raba shi da zinariya?"

"Da ruwa mana, Baba. Kwano da ruwa, in juya, in juya, mai nauyi ya zauna. Haka muke yi a gida. Shi ya sa nake wahalar ɗaukar jarka."

"In babu ruwa fa?"

"In babu ruwa babu aiki."

"Ban da samarin nan, ka taɓa gaya wa wani mashigar?"

Badamasi ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Baba, ni da bakina? Na faɗa a masallaci, na faɗa a wurin shayi. Har a gidanka na faɗa, ranar da Inna Kabira ta ba ni fura. Hanyar kowa ce, me zan ɓoye?" Sai ya kama hannun Kabo. "Baba, ka ga wani abu? Don Allah, ka ga wani abu?"

"Na ga ba kai ba ne."

"To wane ne?"

Kabo ya zare hannunsa a hankali, ya ce rana ta yi, zai je gida.

*

Ya tarar da Kabira a kan rufi tana gyaran shinkafa. Bai yi sallama ba, ya tsaya a bakin matakala. Ta ba iska gefenta, ta ɗaga tire sama, ta karkata shi ta hagu saboda ƙugunta na dama da ke ciwo, ta saki shinkafar a hankali. Ƙwayar ta zuba a dunƙule wajen ƙafarta, ƙaiƙayin ya miƙe can kamar harshe. Haka ya fara ganinta, tana budurwa a masussukar gero, har ya kasa wucewa. A bakin tiren akwai sabuwar lotsawa, kuma cikin lanƙwasar bakin akwai wani baƙi-baƙi da wanki bai fitar ba.

Wallahi da za a ba shi zaɓi a lokacin, da ya zaɓi makanta. Ya yi ta neman wata ma'anar tun daga kwarin, ya ce matan burodi da yawa ne, ya ce kowace 'yar ƙauye ta iya shiƙa. Amma duk tulin nan na kwari ta hagu suka karkata.

"Hajiya," ya ce, muryarsa ta dushe. "Ranar Asabar, iska daga ina ta taso?"

Tiren ya tsaya a sama. Ba ta juyo ba.

"Daga yamma, Malam."

Can ƙasa wani mai tasi na ta danna oda, yara na ihu a lungu. Ta sauke tiren, ta zauna a kan buhu kamar wadda aka zare wa ƙashi.

"Za ka faɗa?"

"Ban sani ba."

"Tun da hantsi nake ganin goyon Lailatu a idona," ta ce. Shinkafar nan ba a dafa ta ba ranar.

*

Ranar da za a kwashe kujeru, bayan la'asar, aka taru a falon gidan su Mukhtaru a unguwar Utaibiyya. Dattawa a jere, Mudassir a kusurwa, Badamasi a ƙasa kusa da ƙofa, an kawo shi bisa alkawarin ba mai taɓa shi sai an ji Kabo. Mata na ɗakin ciki, labule ne kawai a tsakani. Abdulilah ya ajiye wayarsa a kan gwiwa, idanunsa jajur. Ba mugu ba ne; mutum ne da aka kashe wa wa.

"Tafaddal, bismilla, ya ammi. Muna ji."

Kabo ya yi bayani dalla-dalla. Ya wanke Mudassir da sawun taya. Ya ce na'ura ba a sace ta ba, ga ta can a mota. Ya ce sawun Badamasi tsoho ne.

"Wannan duk magana ce," Abdulilah ya katse shi. "An ce an share sawu. Shi ya share nasa na ranar, mana."

Kabo ya kwance bakin rawaninsa, ya zuba baƙin yashin a kan faranti.

"Wanda ya share sawunsa ya manta da aikinsa, don bai ɗauke shi sawu ba. Ku masu na'ura rami kuke tonawa. Badamasi da ruwa yake wankewa. Wannan yashin kuwa shiƙe shi aka yi, a iska, yadda ake shiƙar gero, mai nauyi ya zauna, marar nauyi ya tafi. Ba namijin da zai ga yashi wannan dabarar ta zo masa. Hannun mace ne, macen da ta tashi a gona."

Falo ya ɗauki salati. Wani dattijo ya gyaɗa kai yana cewa haka ne, wallahi haka uwarsa take yi. Badamasi ya rufe fuska da tafin hannu.

"Wace mace?" in ji Abdulilah.

Kabo ya kalli farantin.

"Ya ammi, wace mace? Ka sani, na gani a fuskarka."

Kabo ya ci gaba da kallon baƙin yashin. Tunda yake bai taɓa bin sawu ya kai ƙarshe ya ƙi nuna wurin ba. Amma wannan ƙarshen ɗakinsa ne, da tabarmarsa, da wadda za ta rufe masa ido in ya mutu.

Abdulilah ya ɗauki wayar. "To shi ke nan. Ni suna ɗaya nake da shi, shi zan bayar. Su can su tantance."

Kukan Lailatu ya taso daga ciki. Sai labulen ya motsa.

"Ajiye wayar, ɗana. Ni ce."

Kabira ta fito, ta tsaya da mayafinta, ba ta kalli mijinta ba. Ta ce ta daɗe tana zuwa. In motar burodi ta sauke su, sauran mata su zauna a inuwa, ita ta zaga ta mashigar da tirenta. Ranar ta tarar an yanke waya, ta shiga kamar kullum. Tana cikin shiƙa Mukhtaru ya zo, ya ce wa ya ba ta izini, wurin nasa ne. Ta ce hanyar ruwa ce, ta kowa ce. Ya fito da waya zai ɗauki hotonta, ya ce yau sai ta kwana a tarhil, ya kama tiren.

"Ya ja, na ja. Da na ga ya fi ƙarfina, sai na tura masa shi da duk ƙarfina, da fushi. Na san gaɓa na bayansa. Ba zan ce ban sani ba. Na sauka na same shi yana numfashi sama-sama. Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya cika a hannuna. Na juya shi alƙibla. Sannan tsoro ya kama ni, na share sawuna, na bar bawan Allah nan da laifina."

Hawaye na bin fuskar Abdulilah, bai share ba.

"Don me, ya khala?" ya ce, wato inna. "Tsohuwa kamarki, me kike nema a kwari?"

Ta kwance wani ɗan ƙulli a bakin zanenta, ta je ta sa a tafin Kabo. Ya buɗe. 'Yar ƙura ce mai ƙyalli, ko haƙorin jariri ba za ta rufe ba.

"Na gaji da jiran baɗi, Malam," ta ce a hankali. "Na ce in tara da kaina, in kawo maka, ka kai wa maƙeri, a ce kai ka yi mini."

Kabo ya ji kamar an tsaga masa ƙirji. Ya so ta zage shi, ya so ta yi masa tsokanar nan a gaban mutane ko sau ɗaya. Ba ta yi ba.

Abdulilah ya miƙe, ya ce ba zai kira kowa ya zo ya ja ta a titi ba, shi zai kai ta wurin 'yan sanda da kansa, abin da hukuma ta yanke kuma shi ke nan. Ya juya ga Badamasi ya roƙe shi ya yafe masa.

A ƙofar gida ma'aikata na loda kujerun makoki a mota. Kabira ta taka zuwa motar Abdulilah, tana ɗan jan ƙafar dama, sawunta na fita sarai a kan ƙurar titi. Ta ji taku a bayanta, ta waiga.

"Ina za ka, Malam? Ka koma. Kai ma ba ka da takarda, in ka shiga wurin nan ba za su bar ka ka fito ba."

Kabo ya cusa ƙullin a aljihu, ya buɗe ƙofar motar, ya riƙe mata har ta zauna. Sannan ya tattara rigarsa.

"Matsa mini," ya ce.